Muhawara: Wace ɓarna ce ta fi daɗewa a cikin abin da Turawa suka yi wa ƙasar Ibo?

Malam Habibu, Zariya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Duk sanda aka ɗauko zancen zuwan Turawa, mu nan sai mu tsaya kan faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, da Burmi, da Satiru a 1906, kamar mu kaɗai aka ci da yaƙi. Yau ina so mu haye Binuwai mu leƙa ƙasar Ibo. Ra'ayina, kuma a kansa nake neman a yi muhawara, shi ne ɓarnar da ta fi kowace daɗewa a can ita ce naɗa musu sarakunan da ba su san da su ba. Abin kuwa ya shafe mu, domin daga baya da tsarin masarautunmu aka riƙa auna su.

Yawancin garuruwan Ibo ba su da sarki guda mai yanke hukunci shi kaɗai. Akwai 'yan kaɗan masu sarauta, irin su Anacha da Aboh da ke da Obi, da kuma Nri wadda sarkinta na addini ne, ba shi da runduna. A sauran wuraren a dandali ake yanke magana. Dattawan zuri'a suna da baki, masu muƙamin ozo, wato muƙamin girma da mai hali ke karɓa, suna da baki, ƙungiyoyin sa'anni su ke share hanya da gadin gari, dodanni su ke zartar da wasu hukunce-hukuncen, mata kuma suna da nasu taron. Da Bature ya zo bai tarar da wanda zai ce wa "tara mini haraji, kawo mini leburori" ba, sai ya ƙirƙira. A kafa kotun gargajiya, a zaɓi mutum a ba shi takardar waranti da hula, daga ranar ya zama mai shari'a a kan mutanen da jiya ba zai iya katse musu magana ba. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, Gwamna Lugga ya so a ƙara musu ƙarfi su yi kama da sarakunanmu, masu baitulmali da haraji. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Nasiru Funtuwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, ni ban gamsu ba. Ana magana kamar lafiya lau ake zaune kafin Bature. Ta gaɓar Bonny da Kalaba an fitar da bayi fiye da miliyan ɗaya zuwa ƙetaren teku, mafi yawansu Ibo, kuma fataken Aro, wato mutanen garin Arochukwu, su ne ke kai su bakin ruwa. Ana jefar da tagwaye a daji. Akwai osu, mutanen da aka sadaukar wa abin bauta, ba a aurensu ba a cuɗanya da su. Ba sai da Baturiyar mishan ɗin nan Mary Slessor ta zo aka daina kashe tagwaye ba? Sannan dubi boko. Mu da aka bar mana sarakunanmu, su da aka ba su makaranta, wa ya fi cin riba ranar samun 'yanci a 1960? In za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka.

Hajiya Rabi, Jos:
Ɗana Nasiru, gyara kaɗan. Mary Slessor a yankin Kalaba ta yi aikinta, cikin Efik da Ibibiyo. Kuma cinikin bayin da ka kawo, jiragen su wa ke jira a bakin ruwan? Na Turawan ne dai, na Ingila a kan gaba, har zuwa 1807 da suka haramta wa 'yan ƙasarsu. Shekaru aru-aru suna saye, sannan su dawo da bindiga su ce sun zo hana mai sayarwa. Zan dawo kan batun mata in na idar da sallah, don a can nake da magana.

Chinedu ɗan Sabongari:
Salamu alaikum. Ni Ibo ne, a Sabongarin Kano aka haife ni, iyayena daga wajen Owerri suke. Malam Nasiru, abin da ka lissafa duk ya faru, ba mai musu. Maganar osu ma majalisar Jihar Gabas ta yi doka ta soke ta a 1956, amma har gobe akwai gidajen da sai sun bincika asalinka ta wannan fuskar kafin su ba ka 'yarsu. Wannan namu ne, ba za mu ɗora wa Bature ba.

Amma Malam Habibu ya taɓa inda ke ciwo. Ku san yadda aka riƙa raba warantin nan. Bature zai shigo gari da sojoji bayan an ƙone wasu gidaje, ya ce ta bakin tafinta a fito da sarki. Mutane a tsorace suke, suna zaton duk wanda aka miƙa tafiya za a yi da shi ko a kashe shi. To wa za ka miƙa? Ba dattijon da ke riƙe da sandar ofo ta zuri'a ba. A wasu garuruwan bawa aka tura, a wasu baƙo, a wasu kuma wani mai ƙarfin hali ne ya tura kansa don ya iya 'yan kalmomin Turancin kasuwa. Sai ga shi ya dawo da hula da takarda. A wasu wuraren an dace da mutumin kirki, ban ce babu ba.

Wanda ya fi shi ɓarna ma shi ne akawun kotu. Di'o ba ya jin yaren, ba kullum yake zama a kotun ba, sarakunan ba su iya karatu ba, saboda haka wanda ke riƙe da alƙalami shi ne gwamnati. Shi ke rubuta sammaci, shi ke rubuta abin da aka ce an yanke. Masinjan kotu, wanda mutanenmu ke kira kotuma, in ya shigo gari da rigarsa ta aiki sai an ba shi kaza da doya kafin ya faɗi wanda ya zo kira. Ga dokar hanyoyi da koguna ta 1903 da ta ba sarakunan ikon ɗibar mutane aikin tilas. Wanda ya ba da toshiya a tsallake gidansa, wanda ke da rikicin gona da sarki a tura 'ya'yansa fasa hanya ana tsakiyar shukar doya. Tsofaffinmu ba su manta wannan ba, kakata har ta rasu in ta ga mutum mai zalunci kotuma take ce masa.

Malam Habibu, Zariya:
Madalla da Chinedu, ka kawo abin da ba a cika samu a aji ba. Bari in ƙara da yadda aka ci ƙasar, domin shi ma ya bambanta da namu. Mu da aka karya Kano da Sakkwato, aka naɗa sababbin sarakuna suka yi rantsuwa, kusan magana ta ƙare cikin 'yan watanni. Su kuwa tunda babu fada guda da za a kama, gari-gari aka bi. Turawa sun ɗauka in suka rusa Aro shi ke nan, sai suka tura runduna daga ƙarshen 1901 zuwa farkon 1902, suka shiga Arochukwu suka lalata wurin tsafin Ibini Ukpabi, inda mutane ke zuwa daga nesa neman hukunci. Ashe farawa aka yi. A yammacin Kwara, wajen Asaba inda kamfanin Turawa na Royal Niger, na Goldie, ya yi hedikwata, ƙungiyar mayaƙan Ibo ta Ekumeku ta yi ta kai hari da dare tun zamanin kamfanin har wajen 1910. A 1905 mutanen Ahiara suka kashe wani likita Bature mai suna Stewart da ya ɓata hanya a kan kekensa, aka rama da ƙone ƙauyuka da kisa mai yawa. Har lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ana fita sintirin ladabtarwa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Nri. Sarkin Nri ba ya yaƙi, an haramta zubar da jini a ƙasarsa, wakilansa ke yawo gari-gari suna tsarkake ƙasa in an yi abin ƙi, suna sasanta rikici, kuma ƙasarsa mafaka ce ga waɗanda aka kora daga wasu wurare. A 1911 aka tilasta wa Eze Nri Obalike ya warware wannan iko a gaban jama'a. Wato sarautar da suka tarar mai tushe sun kashe ta, suka dasa ta takarda. Kuma kada wani ya ce mutanen ba su da wayewa kafin nan: kayan tagullar da aka tono a Igbo-Ukwu a 1959 da 1960 sun kai shekara dubu, aikinsu kuwa sai ka gani.

Akwai wata magana mai ɗaci da ya kamata mu faɗa da bakinmu. Cikin sojojin da Bature ya yi waɗannan yaƙe-yaƙe da su akwai Hausawa da yawa, tare da Yarabawa da wasu. Tun 1863 wani hafsan Ingila mai suna Glover ya fara ɗaukar Hausawa aikin soja a Ikko, da dama daga cikinsu bayi ne da suka gudu.

Baba Ɗanjuma, Kaduna:
Malam Habibu, haka ne, kuma irin waɗannan sojojin ne aka juyo da su kan Kano da Sakkwato. Bature ya iya haɗa wannan da wancan. Ni tsohon ma'aikacin reluwe ne, na yi aiki da Ibo shekaru masu yawa, direbobi da makanikai da masu sayar da tikiti. Abin da na lura, layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya bi Inugu ya haye gadar Makurɗi ya iso Kafanchan da Kaduna shi ya kwaso su zuwa nan. Da suka zo kuma ba a bar su sun zauna cikin gari da mu ba, aka ware musu Sabongari, dokarsu daban, kotunsu daban. Mutum ya shekara talatin a Kano bai taɓa shiga zauren Bakano ya ci tuwo ba. Da aka zo rikicin Kano na 1953, da abin da ya fi shi muni a 1966, maƙwabta ne da ba su san juna ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye gaba.

Hajiya Rabi, Jos:
Amin Baba. To na dawo. Ku maza kuna ta lissafin sarakuna da sojoji, ni a ganina waɗanda aka fi yi wa asara mata ne, kuma su suka fi kowa nuna sun gane.

Kafin Bature, matan Ibo suna da iko na gaske. 'Ya'ya mata na zuri'a, umuada, ko sun yi aure a wani gari suna dawowa gida su yanke rikici, kuma ba namijin da ke son su taru a kansa. Matan aure na gari suna da taronsu, su ke tsara dokar kasuwa. In namiji ya ci zarafin matarsa ko ya bar awakinsa suka cinye shukar mata, sai su taru a ƙofar gidansa da tabare, suna rawa suna waƙar tona masa asiri, suna dukan bangon ɗakinsa, ba su tashi sai ya tuba. Da kotun Bature ta zo sai aka ce duk wannan ɗaukar doka a hannu ne. Waranti na maza, akawu namiji, masinja namiji, makaranta ma yara maza aka fara turawa. Mace guda da ta yi suna da samun waranti ita ce Ahebi Ugbabe ta Enugu-Ezike, ita ma don ta yi wa Turawa jagora ne.

A 1928 aka fara karɓar haraji daga maza. Shekara ta zagayo farashin manja da ƙwarar kwakwa ya faɗi, abin da mata ke samun kuɗi da shi ke nan. Ana cikin haka, a watan Nuwamba na 1929, aka ce a sake ƙidaya a Oloko da ke yankin Bende. Sarkin waranti Okugo ya aiki wani malamin makaranta, Mark Emeruwa, ya shiga gidan wata mata mai suna Nwanyeruwa ya same ta tana matsar manja, ya ce ta ƙirga masa mutanen gidan da awaki da tumaki. Kowa ya san wancan karon ƙidaya aka fara yi haraji ya biyo baya. Ta tambaye shi ko an ƙirga uwarsa. Suka shaƙi juna, ta fita da gudu ta sami mata suna taro. Nan take aka aika da ganyen kwakwa gari-gari, duk wadda ta karɓa ta miƙa gaba, alamar a fito. Dubban mata suka cika Oloko, ba su bar wurin ba sai da aka ba su hular Okugo, aka kuma ɗaure shi shekara biyu.

Daga nan abin ya bazu lardunan Owerri da Kalaba, har da matan Ibibiyo da Ogoni da Andoni. Ku lura da inda suka nufa: kotunan gargajiya da gidajen sarakunan waranti. Sun rusa wasu kotunan, sun ƙone wasu, a Aba sun fasa kantunan Turawa. Sojoji suka buɗe wuta a Abak da Utu Etim Ekpo da Opobo, aka kashe mata fiye da hamsin, su kuwa ba su kashe Bature ko ɗaya ba. Turawa suka rubuta wai tarzomar Aba ce. Matan da suka ba da shaida gaban kwamitin bincike a 1930 sun faɗa ƙarara cewa sarakunan ne ba sa so, wasu ma suka nemi a sa mata cikin masu shari'a. Nasiru, in tsarin alheri ne, me zai sa uwa ta tsaya gaban bindiga da ganye a hannu?

Nasiru Funtuwa:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ban ce sarakunan waranti alheri ba ne, kuma ai bayan wannan Gwamna Cameron ya sauke tsarin aka koma majalisun dangi. Abin da ya yi shekara talatin aka soke shi, ya za a ce shi ya fi daɗewa? Ni a wurina abin da ya canja Ibo har abada coci ne da makaranta, kuma su da kansu suka rungume su. Ba wanda ya sa musu bindiga ya ce su gina aji. A nan kuwa Lugga ya taƙaita shigar 'yan mishan masarautun Musulmi, makarantar Ɗan Hausa a Nasarawar Kano sai 1909, Kwalejin Katsina sai farkon shekarun 1920. Mun tsira da addininmu, alhamdu lillahi, amma tazarar boko har yau muna biyan ta.

Chinedu ɗan Sabongari:
Malam Nasiru, ni Kirista ne ɗan Katolika, ba zan zagi cocina ba. Amma duba tarihin da kyau. 'Yan mishan na Angalika sun sauka Anacha a 1857, Ajayi Crowther da John Taylor wanda iyayensa Ibo ne da aka 'yanta a Saliyo. Katolika suka zo 1885. Kusan shekara arba'in ba su sami mutane sosai ba, yawanci bayi da osu da iyayen tagwaye, waɗanda gari ya riga ya yar. A wannan kam coci ta yi abin kirki, ta karɓi wanda ba mai so. Amma yaushe jama'a suka yi tururuwa? Bayan an ci ƙasar da yaƙi. Mutane suka ga garin da ke da malamin mishan sojoji suna ɗaga masa ƙafa, yaron da ya iya karatu shi ke zama tafinta da akawu, shi ke iya kare gidansu a kotu. Fada Shanahan, ɗan Ailan, ya gane haka, ya zuba ƙarfinsa kan makaranta, gari na gasa da gari wajen gina aji. Ka ga ke nan kotun nan ta takarda ita ta koro mutane makaranta. Ba za ka raba su ba.

Kuɗin da aka biya kuma ba kaɗan ba ne. An hana sabon tuba shiga dodo da karɓar muƙamin ozo, aka ce mai mata da yawa ya saki sauran, gida ɗaya ya rabu biyu, wa da ƙane ba sa cin abinci a biki ɗaya. Harshen ma ya sha wuya: Littafi Mai Tsarki na 1913 da ɗan mishan Dennis ya jagoranci fassararsa an haɗa shi ne da karin harshe daban-daban, ba garin da ke magana haka, rikicin yadda za a rubuta harshen kuwa bai lafa ba sai 1961. Ku da kuke da ajami da boko kuna jin labarai da Hausa tun da daɗewa, mu yau yaranmu da yawa a birni sai su gaishe da kakarsu da Turanci.

Wani abu kuma, kakannina ba sa cewa su Ibo ne, sunan garinsu suke faɗa. A Legas da Fatakwal da Sabongari aka koyi zama abu ɗaya, har aka kafa ƙungiyar Ibo ta ƙasa a 1948 da Azikiwe a matsayin shugaba. Shi kansa a Zungeru aka haife shi a 1904, mahaifinsa akawun gwamnati ne, kuma da Hausa ya tashi.

Isufu Damagaram:
Ina biye da ku daga Nijar. Mu ma Faransa ta yi mana irin wannan. A 1906 suka tuɓe Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa suka ɗora Ballama, bawan fada, a kan gari. Sarakunan kanto, wato na gundumomi, da yawa kuma takardar kwamandan Faransa ce asalinsu, yau jikokinsu na cewa gadon kaka da kakanni ne.

Malam Habibu, Zariya:
Malam Isufu ka kawo ni daidai inda zan amsa wa Nasiru. An soke waranti a takarda, amma gidajen da suka tara dukiya da shi su suka fara tura 'ya'ya makaranta, su suka zama manya. Ɗauki Onyeama, sarkin waranti na garin Eke. An gano kwal a Udi a 1909, aka kafa Fatakwal don fitar da shi, jirgin ƙasa ya iso Inugu a 1916. Onyeama ne babban mai kawo leburorin ramin kwal, ya yi ƙarfi har ana tsoron ambaton sunansa, ya rasu a 1933. Ɗansa ya zama alƙali a kotun duniya da ke Hague, jikansa Geoffrey Onyeama ya yi ministan harkokin waje daga 2015 zuwa 2023. Ban faɗi haka don aibata zuri'ar ba, ba su suka zaɓi kakansu ba. Su kuwa 'ya'yan leburorin, a ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka harbe 21 daga cikinsu a mahaƙar Iva Valley suna neman haƙƙinsu na albashi.

Nasiru Funtuwa:
To Malam, yau da kusan kowane gari a can yake da Igwe ko Eze, har nan Arewa akwai Eze Ndigbo, wato Sarkin Ibo, a birane, su ma Bature ne ya naɗa su? Ai yanzu su ke so.

Chinedu ɗan Sabongari:
Gwamnatocin soja ne suka buɗe ƙofar a shekarun 1970, musamman bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, aka ce kowace al'umma ta kawo basarake guda a ba shi sanda da takardar shaida. Garuruwa suka yi ta rabewa don kowane yanki ya sami nasa, domin ta hannunsa gwamnati ke magana da ku. Gwamna ke ba da takardar, gwamna ke iya janye ta, ka gaya mini bambancinta da waranti. A garinmu gida biyu suna shari'a kan kujerar, ɗaya hujjarsa ita ce kakansu ya riƙe hula a zamanin Bature, ɗayan yana cewa nasu kakan ne dattijon da aka ɓoye ranar da sojoji suka shigo. Duka ɓangarorin sun tura lauyoyi gidan adana takardun tarihi na Inugu su nemo rahoton da wani Di'o ya rubuta a shekarun 1930, don a ga sunan wa ya sa a ciki. Taron gari na watan Disamba, wanda da can kowa ke zuwa a tattauna aikin rijiya da makaranta, yanzu kashi biyu ake yi, kowane ɓangare da ranarsa.